Dawowa Gida Ma Ƙaura Ce

 

A farkon zangon karatun nan aka kawo mini wata yarinya ajina na Islamiyya, ba za ta wuce shekara 9 ba. Da na ce ta karanta mini daga inda ta tsaya, sai ta ja Suratul Mulk da wata irin ƙira'a da ta sa ajin ya yi tsit. Amma da na tambaye ta ko ta ci abinci kafin ta fito, sai ta tsaya tana kallona. Wata daga bayan aji ta ce, "Malama, Balarabiya ce, ba ta jin Hausa," yara suka fashe da dariya. Yarinyar nan kuwa Bahaushiya ce gaba da baya, a Madina dai aka haife ta, iyayenta suka tattaro suka dawo Kano. Da mahaifiyarta ta zo ɗaukarta, kallo ɗaya na yi mata na gane abin da ke cinta, domin na taɓa ganin irin wannan ramar a fuskar yayata.

Yayata ta bi mijinta Jidda a 2010, lokacin da ya samu aikin haɗa magunguna a wani asibitin kuɗi. Sun dawo a 2021 da yara 4, uku daga cikinsu can aka haife su. Ranar da muka tarbo su a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano mota biyar muka yi, har da guɗa. Bayan wata shida na shiga ɗakinta na tarar tana share hawaye. Ta ce da ni, "Ke dai bari. Ranar da na sauka Jidda ban ji baƙunta irin wadda nake ji yau a garin da aka binne cibiyata ba." Ita ce ta ba ni izinin in ba ki labarinta, ko wata za ta tsira daga abin da ta faɗa.

Masu dawowa sun yi yawa a 'yan shekarun nan, kuma akwai dalili. Tun 2011 Saudiyya ta fito da tsarin Niɗaƙat, wanda ya wajabta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa, sannu a hankali aka riƙa shigar da ayyuka irin su haɗa magunguna da akanta da injiniya. A Yulin 2017 kuma aka ɗora wa baƙin ma'aikatan kamfanoni haraji a kan kowane mutum da ke zaune a ƙarƙashin igamarsu, riyal 100 a wata. Kowace shekara ana ƙara 100, har ya kai riyal 400 a 2020. Ki lissafa gidan yayata, ita da yara huɗu: riyal 2,000 ke nan duk wata, kafin a yi maganar haya ko cefane ko kuɗin makaranta. A wannan shekarar ta 2020 harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Wasu kuwa ba lissafi ne ya dawo da su ba, yaƙi ne, kamar waɗanda suka baro Libiya a 2011 da waɗanda aka kwaso daga Sudan bayan ɓarkewar faɗa a Afrilun 2023. Waɗannan Allah Ya mayar musu da alheri, ba su samu zarafin shiri ba. Maganata da ke ce, wadda kuke zaune lafiya a Jidda ko Riyad ko Ingila, maigida ya fara cewa ya gaji, Hajiyarsa ta tsufa, yara sun fara girma a ƙasar da ba tasu ba.

Abin da na lura shi ne, in za a tafi sai a shekara ana shiri. A nemi biza, a yi gwajin lafiya, a tambayi waɗanda suka riga zuwa, a yi istihara. In za a dawo kuwa sai a ce ai gida ne, a ɗaure akwati kawai. Alhali kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Garin da kika bari ba shi za ki tarar ba, ke ma ba wadda ta tafi ce za ta dawo ba.

Mu fara da ajiye aikin, domin nan ne ake asarar farko. A 2019 wani shugaban sashe ya ɓata wa mijin yayata rai, ya dawo gida ya ce gobe zai rubuta takardar ajiye aiki. Allah Ya taimaka yayata ta roƙe shi ya bari a kwana uku, a cikin kwanakin nan wani abokin aikinsa ya zaunar da shi ya yi masa lissafi. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikacin kamfani kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. In kwantiragi ya ƙare da kansa, a biya shi duka. In kuwa shi ya ajiye, wanda bai cika shekara 2 ba ba shi da komai, daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, sai ya cika 10 zai karɓa cif. A ce albashin mutum riyal 8,000 ne. In ya yi fushi ya ajiye a shekara ta 9, abin da ya taru masa riyal 52,000 ne, amma abin da za a danƙa masa bai kai 35,000 ba. In ya daure ya cika 10, riyal 60,000 zai ɗauka. Ma'aikatan gwamnati da masu aikatau a gidaje tasu ƙa'idar daban ce, kowace ƙasa kuma da tata dokar. Abin nufi dai, ki sa maigida ya karanta kwantiraginsa kafin ya ɗauki alƙalami. Fushin kwana ɗaya bai kamata ya cinye gumin shekara tara ba, kuma sau da yawa ke kaɗai ce za ki iya riƙe hannunsa a wannan daren.

Haka nan duk wata takarda da zai buƙata daga baya, a karɓe ta tun igama tana raye: shaidar shekarun da ya yi aiki, shaidar ba shi da laifi daga hukumar da ke kula da sana'arsa, takardun haihuwar yara, katin rigakafinsu, sakamakon makarantarsu da hatimi a kai. Da zarar an buga bizar fita ta ƙarshe, wa'adin da ake bayarwa a bar ƙasar ba ya wuce kwana 60, kuma ba ta fitowa sai an biya tarar hanya an sauke mota daga sunansa. Bayan kun sauka Kano, takardar da da za ta ɗauke shi wuni guda sai ta koma ta wata uku ana roƙon wani ya je ya karɓo.

To sai aikin da za a tarar a gida, inda mijin yayata ya yi sakin reshe ya kama ganye. Ya ɗauka da shekara 11 a babban asibiti a ƙasar waje, rububinsa za a yi. Da ya zo ya tarar lasisinsa na gida ya daɗe da mutuwa, ga bashin sabuntawa na shekaru ya taru. Aikin gwamnatin da ya bari kafin tafiya bai bar shi ta hanyar da ta dace ba, bai nemi hutun barin aiki a rubuce ba, don haka ƙofar nan a rufe take. Waɗanda suka gama makaranta tare sun zama daraktoci, waɗanda ya koya wa aiki su zai gaisar yana neman alfarma. Inda aka yi masa tayi kuwa, albashin bai kai abin da yake kashewa a cefane kaɗai a Jidda ba. Wata takwas ya yi a zaune kafin ya daidaita takardunsa ya buɗe kantin magani. Da tun saura shekara guda ya sabunta lasisin, ya yi amfani da hutunsa na ƙarshe ya zo ya zagaya ya ga mutane ido da ido, da watannin nan ba su kai haka ba. In ke ce mai aikin, nas ce ke ko malama ko likita, maganar duk ɗaya ce, sai ma ƙari: ki san wa zai riƙe miki yara, domin motar makarantar da take ɗaukarsu a ƙofar gida ba lalle ki same ta a nan ba.

Watanni takwas ɗin nan su suka fi komai girgiza auren. Namijin da ya saba fita ƙarfe bakwai da farar riga, a gaishe shi da girmamawa, ya wayi gari ba inda ake jiransa, ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarsa. Sai ya zama gishiri ya yi yawa faɗa, yaro ya yi kuka faɗa. Yayata ta ce kuskuren da ta yi shi ne yawan cewa, "Abban yara, da muna can da yanzu kaza." Ita tana faɗa ne don kewa, shi kuma yana jin kamar tana cewa shi ya jawo musu. Ranar da ta daina, rabin rigimar ta mutu.

Akwai kuma wani abu da mata ba su cika faɗa ba sai an matsa. A can mijinki naki ne ke kaɗai. Tare kuke zuwa kanti, shi ke tura keken kaya, shi ke riƙe jariri ki yi ɗawafi, in ya tashi aiki ba shi da majalisar da ta wuce falonki. A nan kuwa yana da mahaifiya da ta yi shekaru tana ƙishirwar ganinsa, yana da 'yan'uwa, yana da abokan ƙuruciya, kuma ba zai so a gan shi da goyo a kafaɗa a bakin layi a ce matar ta shanye shi ba. Ba canzawa ya yi ba, wurin ne ya canza. Ni a ganina mace mai hankali ba za ta yi kishi da uwar miji a kan wannan ba, haƙƙinta ne, kuma ita ta fi ki daɗewa tana jira. Amma ki zauna da shi tun kuna can ku yi magana a fili: wane lokaci ne na Hajiya, wane ne na gida, wace al'ada ce mai kyau da kuka koya a can ba za ku yar da ita a filin jirgi ba. Taimaka wa iyali a cikin gida ai ba na Larabawa ba ne, sunna ce.

Maganar muhalli kuwa, ki yi haƙuri in ɗan daɗe a kanta. Shekara shida mijin yayata yana aiko wa ƙaninsa kuɗin gini. Ana turo hotuna, ana cewa an kusa. Da suka sauka suka je gani, gini yana linta, ba rufi, ciyawa ta fito a falo. Takardar filin kuma ta hannu ce tsakanin mai sayarwa da ƙanin, sunan mai kuɗin bai fito ko'ina ba. Ba zan ce yaron nan ɓarawo ba ne. Da aka zauna aka bi diddigi, wani kuɗin ya tafi asibitin Hajiya, wani auren ƙanwa, wani ya narke a tashin farashin siminti da rodi, wani kuma shi kansa bai san inda ya shiga ba. A wurin mutanenmu kuɗin ɗan'uwan da ke waje kamar ruwan randar masallaci ne, kowa ya zo wucewa sai ya ɗiba, kuma ba ya jin ya yi laifi. Sakamakon dai shi ne wata 14 yayata ta yi a gidan gandu, ɗaki biyu, ita da yara huɗu, tana haɗa madafi da facaloli uku, macen da ta shekara 11 ba wanda ya taɓa buɗe mata tukunya.

Don haka ki nuna wa maigida, cikin ladabi, cewa zuwa da kai ya fi aike. Kuɗin gini daban, kuɗin hidimar dangi daban, kada a haɗa su a hannun mutum ɗaya. A biya magini mataki-mataki, sai an ga wannan a saki kuɗin na gaba. Takardar fili ta fito da sunan mai ita, a kai ta ofishin filaye a yi mata rajista. Rubuta yarjejeniya tsakanin 'yan'uwa ba rashin yarda ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In kuma har lokacin dawowa ya yi gida bai kammala ba, a kama haya ko ɗaki biyu ne, a biya ta shekara tun kafin a sayi tikiti. Zumuncin da ake yi da 'yar tazara ya fi daɗewa.

Kada kuma ki wahalar da kanki da jigilar duk abin da ke gidanki. Wutar Saudiyya ba irin tamu ba ce, tata mai bugu 60 ce tamu 50, wasu tsofaffin gidajen can ma ƙaramar wuta ce da su. Firji da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki da aka ƙera don can kaɗai kan wahala a nan, balle ga wutarmu mai zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama. Ki duba abin da aka rubuta a bayan kowanne. Wanda bai dace ba ki sayar, kuɗin kago ya ishe ki sayen wani.

Kuɗin sallamar ma akwai inda aka yi tuntuɓe. Ana sauka mijin yayata ya kai shi Wapa ya canzar gaba ɗaya, ya zuba a asusun naira. A lokacin, ƙarshen 2021, dala ba ta kai naira 600 ba a kasuwar canji. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Riyal kuwa tun 1986 yake ɗaure da dala a kan 3.75. Abin da ya rage a asusun nan yana kwance darajarsa ta zube fiye da rabi. Ba wanda ya san gaibu, gobe kuma tana iya zuwa da akasin haka, amma hankali ya nuna a raba ƙafa: a buɗe asusun kuɗin waje, a canza abin da ake buƙata kawai, a ware na cin shekara guda wanda ba za a taɓa shi da sunan jari ba. Kuma a yi hattara da mai zuwa gaisuwa da takardar kasuwanci a aljihu. Wanda ya shekara goma ba ya gari bai san farashin buhun shinkafa a Singa ba, shi ya sa ake nemansa.

Dangi za su zo, kuma suna da gaskiyarsu. Shekara da shekaru sun saba ganinku da hutu, da dabino da zamzam da abaya da turare, ba su san wancan na mai albashi ba ne. Ku yanke abin da za ku iya na tsaraba da na taimako tun kuna can, in ya ƙare a faɗi gaskiya: albashi ya tsaya, ana neman abin yi. Za a yi gunaguni na wata biyu a haƙura. Wanda ya ci gaba da rabo don kada a ce ya dawo da talauci, shi ne zai dawo da shi ɗin.

Ke ma uwargida da naki. Ki rage "mu a can". Matan da kika tarar sun yi shekarun nan suna fama da rashin wuta da tsadar ruwa da yajin aikin makarantu, sun rufa wa kansu asiri, ba sa buƙatar a riƙa tuna musu. Ki je biki, ki je suna, ki je gaisuwar mutuwar da aka yi ba kya nan ko ta shekara biyar ce. Mu kuma da muke gida mu ji tsoron Allah da baƙar magana. Sayyida Asma'u bint Umais ta yi shekaru a Habasha tare da mijinta Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, can ta haifi 'ya'yansa, ba su iso Madina ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin buɗe Khaibar. Da aka nuna mata cewa waɗanda suka riga su zuwa Madina sun fi su kusanci da Manzon Allah (SAW), ta ji zafi ta kai ƙara, shi kuma ya tabbatar mata cewa su hijira biyu gare su. Zaman baƙunta wahala ce da wanda bai yi ba ba ya ganinta. Yayata a can Takari ake ce mata, ta dawo gida aka koma ce mata Balarabiya.

Yara su suka fi kowa shan wannan, ga shi ba a shawarce su ba. A wurinsu can ne gida. In sun yi makarantar Larabci, Turancinsu ba zai ɗauke su a ajin tsaransu a nan ba, gara a sa musu mai koyarwa tun saura shekara, kuma kada ki ji kunyar a mayar da yaro baya da aji ɗaya. Babba mai shirin jarrabawar shiga jami'a sai da lambar NIN, tun 2021 JAMB ta wajabta ta, a yi masa da wuri. Hausa kuwa a bakinki za su koya, ki riƙa yi musu ita a gida ko suna amsa miki da Larabci.

Sai lafiyarsu, wadda ita ta kusa raba yayata da autanta. Yawancin iyalai a watan Yuli ko Agusta suke dawowa don su riski buɗe makarantu a Satumba, wato tsakiyar damina, lokacin da sauro ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa. Mu da muke nan jikinmu ya ɗan saba da zazzaɓin cizon sauro saboda yawan kamuwa. Wanda ya daɗe a waje wannan sabon yana raguwa, yaron da aka haifa a can kuwa ba shi da shi sam, zazzaɓin da ɗan maƙwabta zai yi yana wasa shi sai ya kai shi ga suma. Mako uku da saukarsu autan ya yi zafin jiki, aka ce canjin ruwa ne, aka ba shi farasitamol kwana biyu. A dare na uku ya fara jijjiga, sai da ya kwana biyar a asibiti har da ƙarin jini. Gidan sauro mai magani ya riga ku shiga ɗakin da za ku kwana. Ki ga likita kafin tasowa a kan maganin kariya. Duk zazzaɓin da ya zo a gwada jini a ranar, kuma ki faɗa wa likitan da bakinki cewa yaron nan ba a nan ya tashi ba. Ruwan sha ma a tafasa musu a watannin farko.

Ita kuwa ɗalibata 'yar Madina, washegari na ba ajin labarin Ummu Khalid, yarinyar da aka haifa a Habasha iyayenta suka zo da ita Madina tana ƙarama. Manzon Allah (SAW) ya kira ta ya sa mata wata riga mai ado da hannunsa, ya yaba kyan rigar da kalmar Habashanci, harshen ƙasar da ta tashi. Na tambaye su ko akwai wadda ta fi shi sanin abin da ya dace, suka yi shiru. Sai na raba musu aiki: ita za ta riƙa sauraren haddar 'yan layinta tana gyara musu fitar haruffa, su kuma kowace rana su koya mata kalmomin Hausa biyar, ranar Laraba in tambaya. Har yanzu tana ce wa ƙofa "kofa", mahaifinta kuma bai samu aiki ba tukuna, suna zaune a gidan kakanninta. Amma makon jiya da aka tashi na ji ta a bakin ƙofar makaranta tana ciniki da mai awara, har tana neman gyara.